Hanyar da Ta Ratsa Gonar Kakata

Ranar da Kaka ta rasu, wadda ta haifi mahaifina, na ga abin da ban taɓa gani ba a Azare: direbobin manyan motoci suna zaman makoki. Mutanen da ko gari ne ya kama da wuta sai sun sauke buhunan gyaɗa kafin su waiwayo, sai ga su jere a kan tabarmi a ƙofar gidanmu, hannuwa baƙi ƙirin da man inji, suna jan addu'a kamar limamai. Motocinsu suka toshe unguwa har jakin mai itace ya rasa inda zai sa ƙafa. Ina jin ranar babu buhu ɗaya da ya isa Kano.

A cikin gida kuwa Goggo, 'yar autar Kaka, tana kuka, sai wata ta tuna mata wata maganar marigayiyar ta fashe da dariya, sai ta ji kunyar dariyar ta koma kukan. Fulani masu tallar nono suka ajiye ƙorensu a zaure suka shiga, ba wadda ta yi ciniki. Baffa, ƙanen mahaifina, wanda shi ne babban gida tun rasuwar mahaifin nawa, yana zaune a jikin bango yana amsa gaisuwa da ka kawai.

Wani direba Babarbare ya matso kusa da ni, ya rage murya.

"Malam, ta yafe kuwa kafin ta cika?"

Kafin azahar an yi mini wannan tambaya har na daina ƙirgawa. Mai nama ya yi, wata tsohuwa da ta taso tun daga Gololo ta yi, Liman da kansa ya ja ni gefe ya yi. Ba wanda ya tambayi ciwon da ya kashe ta. Saboda haka na ce bari in zauna in rubuta, don wanda bai san maganar ba ya sani, don kuma kada nan gaba a riƙa wucewa ta wurin nan ana zaton haka Allah ya halicce shi da tsakuwa.

Maganar ita ce, hanyar mota da ta fita daga gari ta nufi Misau ta bi ta tsakiyar gonar Kaka. Hukuma ta kawo mata diyya, ta ƙi karɓa. Ta ce ba ta sayar ba, ba ta bayar ba, ba ta yafe ba, sai ranar da aka roƙe ta. A kan wannan ta zauna shekara da shekaru, mu kuma duk wanda ya taɓa taka hanyar nan, a lissafinta, cikin gonarta yake tafiya ba da izini ba.

Amma bari in fara da ita kanta.

Shekarunta ba wanda ya sani. Ita takan ce ta girmi kasuwar Azare. Ni kuwa nakan ce ai ta girmi kogin Katagum, ita ta nuna masa inda zai bi. Sai ta ce, "Ka ji mijin banza, yana tona wa matarsa asiri a gaban mutane." Haka muke da ita tun ina yaro har na yi furfura a gemu, ni mijinta, ita matata, kamar yadda jika da kaka suka saba. Kullum ƙarata take kaiwa wurin duk wanda ya shigo, wai ban ɗinka mata zane ba, wai ban iya cefane ba. Ni kuma in ce sakinta zan yi in auro mai haƙori. Ta ce, "Je ka, wa zai karɓe ka da wannan tumbin?"

Sana'arta daddawa. In ta buɗe tukunya, mutanen Zadawa sukan san an kwana lafiya a Azare, don ƙamshin yakan riga labari isa. Kalwar da take dafawa kuwa daga ɗorawar gonarta take fitowa. Gonar mahaifinta ne ya sare dajinta da gatarinsa, lokacin da sarauta ta taso daga Katagum ta dawo Azare suka biyo baya, ya bar itatuwan ɗorawa a tsaye, ya mutu ya bar mata. Ba gonar miji ba ce, ba ta 'ya'ya ba. Takan maimaita wannan har jakunan unguwa sun haddace.

Kafin Turawa su fara kwasar samari zuwa yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, wata shekara da kaka, masu awo suka zo da sarƙarsu da dogayen sanduna, suka kakkafa turaku a gonakin mutane. Ni lokacin na yi aure, ina fataucin fatu. Kaka ta je gona ta tarar da turaku a jere tsakanin dawarta, busassu, an fere su sumul. Ta tumɓuke su ta ɗauro dami ta dafa kalwa. Aka sake kafawa, ta sake tumɓukewa. Ta ce mini, "Ban san wane bawan Allah ne yake kawo mini itace ba, amma Allah ya saka masa, yana ci da kyau." Ina tabbatar muku daddawar da aka sayar a Azare wannan watan da wutar hukuma aka dafa ta.

Sai Dagaci ya aiko a tara masu gonaki a ƙofar gidansa. Na raka ta. A nan muka fara ganin mutumin da daga baya gari duka ya riƙa kira Malamin Diyya, sunan da Kaka ta laƙa masa ya bi shi har tsufa. Saurayi ne a lokacin, siriri, mai ladabi, da 'yar jaka a gefensa. Ya yi bayani a hankali: hanya za ta amfani kowa, ƙasa duk ta hukuma ce tana riƙe wa jama'a, amma abin da mutum ya shuka ko ya gina ko itacen da yake ci, za a biya shi diyyarsa, a kuma nuna masa wani fili ya noma. Maza suka yi ta karɓa suna godiya. Wasu ma da murna, don gonakinsu ba sa ba da komai sai ƙarangiya.

Da aka zo kanta, ya ce, "Inna, ga diyyarki."

Ta waiwaya ta dubi bayanta, ta dubi Dagaci.

"Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Inna."

"To ni a sanina in an kashe maka mutum ake kawo maka diyya a ƙofar alƙali. 'Ya'yana na bar su a gida suna numfashi. Wannan mijin nawa ga shi, ko kashe shi aka yi ba mai biyan ko anini. Wa kuka kashe mini?"

Mutane suka yi dariya. Malamin ya yi murmushi ya ce kalmar ce kawai haka, diyyar ɗorawa ce da dawar da ke tsaye.

"Ƙasar fa?"

"Ƙasar ba a biyanta, Inna. Ba taki ba ce, ta hukuma ce."

"Da ubana yake sare dajin nan, kuraye suna kuka a bayansa, hukuma tana riƙe masa gatari ne?"

Dagaci ya ce, "Inna, a yi haƙuri."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ce kada a yi hanya ba. Hanya alheri ce. Mai ciki za ta bi, mai zuwa Makka zai bi. Abin da nake so kaɗan ne. Yaron nan ya mayar da jakarsa, ya ce, Inna, don Allah ki ba mu gonarki mu yi hanya. Wallahi kafin ya rufe baki na ba shi, har da ɗorawar, kyauta. Duk wanda ya taka, ni da ubana mu sami lada har tashin duniya. Amma a ɗauka, a ce dama ba tawa ba ce, a miƙo mini kuɗin gawa, wannan ban iya ba."

Malamin ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ba a ba ni wannan bakin ba."

"To ka koma ka karɓo."

Aka sare ɗorawar, sai ɗaya da ta faɗo a gefen awo ta tsira. Aka zuba marmara. Jakar ta koma inda ta fito.

Rigimar da ta biyo baya a gida ta fi ta ƙofar Dagaci zafi. Baffa yana da iyali da yawa, kuma rabin tuwon gidan daga gonar nan yake fitowa. Filin da aka nuna musu a madadi yana da nisa, fako ne, ko akuya ta gan shi sai ta yi masa jaje. Baffa ya lallaɓa wurin Malamin ya ce shi ɗanta ne, a ba shi ya karɓa mata. Malamin ya ce sai da bakinta. Labari ya riga Baffa dawowa gida. Washegari Kaka ta sayo farin ƙyalle a kasuwa ta aika masa da shi a faifai.

Ya shigo ɗakinta da ƙyallen a hannu. "Inna, mene ne wannan?"

"Likkafanina. Na ga ka fara rabon gado, na ce kada a zo ana nema."

"Inna, yara za su ci abinci ko ba za su ci ba? Hanyar nan an riga an yi ta. Ko kin karɓa ko ba ki karɓa ba, motoci za su wuce."

"Su wuce. In na karɓa na sayar ke nan, lada ya tafi. In ban karɓa ba, tana nan tawa."

"Taki a ina? A ƙarƙashin taya?"

"A wurin Wanda ya san mai ita."

Baffa ba shi da laifi, in an bi ta hankali. Shekarun da suka biyo baya sun yi wa gidan nauyi. Kaka da take da ɗorawa ta kanta ta koma sayen kalwa a kasuwa da tsada, ribar daddawa ta zama ta sayen gishiri. Ta san abin da taurin kanta ya ci, ba ta taɓa musu ba. Ta sayar da tasoshinta na aure ɗaya bayan ɗaya tana cika rumbun Baffa a ɓoye, shi kuma yana yi kamar bai sani ba. Sun shirya, amma tun daga ranar ƙyallen nan ba su ƙara yin hira mai tsawo ba. Wannan yana cikin abin da yake damuna in na tuna. Uwa da ɗa a gida ɗaya, suna gaisawa kamar maƙwabta.

Abin da ba wanda ya zata shi ne randa. Tun leburori suna fasa ƙasa da diga, ta sa aka kai mata babbar randa gindin ɗorawar da ta tsira, ta riƙa cika ta da ruwa, wani lokaci da kunu. Na ce, "Matata, mutanen da suke cinye miki gona kike shayarwa?" Ta ce, "A gonata suke. Ka taɓa ganin na bar baƙo da ƙishi a wurina?" Da aka gama hanya ba ta ɗauke randar ba. Kullum da hantsi tana can a kan 'yar tabarma da faifan daddawa, tana hira da Fulani da Fulatanci, tana zagin direbobi da Hausa.

"Kai mai jar hula, haka ake shiga gonar mutane a garinku, ba sallama?"

Tun suna dariya har suka saba. Mota in ta iso daidai ɗorawar sai direba ya rage gudu ya danna oda sau ɗaya, wannan ita ce sallamar, ita kuma ta ɗaga hannu. Akwai direban da ya rantse mini cewa ranar da ya manta bai yi ba, tayoyinsa huɗu suka fashe kafin Misau, har da na ajiya da ke ɗaure a baya. Ni ban gani ba, amma na ƙara masa biyu in ina ba da labarin.

Da wasa da wasa abin ya fara shiga zukatan mutane. Haƙƙi ba abin wasa ba ne, kuma tsohuwa ce mai salla. Sai ka ga mahajjaci zai tashi, ya zo ya durƙusa gindin ɗorawa ya ce, "Kaka, ta gonarki zan bi, ki yafe mini." Ta ba shi ruwa, ta sa masa albarka, ta ce, "Ba kai ka kafa turke ba, ɗana. Wanda ya shigo da ku shi zai roƙa muku." Mutum ya tashi da albarka a hannu ɗaya, da bashi a ɗaya hannun.

Liman ya taɓa zuwa har gida a kan maganar. Ya yi mata bayani mai kyau, cewa shari'a ta yarda shugaba ya ɗauki fili don amfanin jama'a in ya biya, kuma masu wucewa ba su da zunubi. Ya ce in lada take so, ta yi niyya a zuciyarta ta bayar sadaka, Allah yana ji.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, in kura ta ɗauke maka akuya, ka bi ta da gudu kana cewa na ba ki sadaka, ladan me za a rubuta maka? Sai abu yana hannunka kake bayarwa. Roƙon nan da nake so, shi ne zai dawo mini da ita hannuna, ko na ƙiftawar ido ne, in miƙa da kaina."

Liman ya sha kununsa, ya ce Allah ya kyauta. A zaure ya ce mini, "Kakarka da namiji ce, da mun rasa aikin yi."

Shi kuwa Malamin Diyya, aikinsa yakan biyo da shi ta hanyar a kan keke. Bai taɓa wucewa bai sauka ba. Ya jingine keken, ya durƙusa.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau, Malam. Ka karɓo bakin?"

"Tukuna, Inna."

"To sha ruwa."

Haka suka yi ta yi har gemunsa ya fara fari. Wata rana na tare shi a kasuwa na ce, Malam, kalma ce fa ba ta fi cikin cokali ba, ka faɗa mata mana kowa ya huta. Ya ja ni inuwa ya ce, "Kana zaton ban kai maganar sama ba? Na kai, aka yi dariya. Na sake kaiwa, aka ce in kiyayi aikina. In na roƙe ta da sunan hukuma, na amsa ke nan cewa ƙasar tata ce. Gobe duk mai gona daga nan har bakin kogi zai ce a zo a roƙe shi, wani kuma zai ce ya ƙi. To ina hanya?" Na ga shi ma yana da gaskiyarsa. Abin baƙin cikin ke nan a wannan magana: na duba ko'ina ban sami mugu ba, balle in zage shi in ji daɗi.

Bana da damina ƙafafunta suka ƙi. Goggo ta karɓi cika randar. Kaka ta kwanta, tana raguwa kamar sabulu, amma bakin yana nan. In na shiga ta ce, "Ga shi nan, ya zo ya ga ko na mutu ya auro yarinya." In ce, "Ai na riga na kai kuɗin gaisuwa." Ta ce, "Allah ya ji ƙan yarinyar."

Wata safiya da hantsi aka yi sallama. Malamin Diyya ne. Ya daɗe da barin aiki, idanunsa sun yi hazo, yana dogara sanda. Wandonsa daga gwiwa zuwa ƙasa ƙarangiya ce fal, kamar bushiya. Na ce, "Malam, kokawa ka yi da jeji?" Ya ce ta gefen gonaki ya biyo, yau bai so ya taka hanyar ba. Na kai shi ɗakinta. Baffa yana ciki, da Goggo.

Ya durƙusa da ƙyar a bakin gado.

"Inna, ni ne."

"Na ji muryar. Ka tsufa, yaro."

"Na tsufa, Inna." Ya gyara durƙusonsa. "Inna, don Allah, don Annabi, ki ba mu gonarki mu yi hanya."

Goggo ta toshe bakinta da gefen zane. Kaka ta daɗe tana kallon rufin ɗaki. Na ce a raina shi ke nan, yau gari ya huta.

"Da bakin wa ka zo? Na hukuma ko naka?"

Da ya yi mata ƙarya, ba mai tona shi a cikinmu. Ni kaina ina ta yi masa alama da ido, na manta ba ya gani.

"Nawa ne, Inna. Ba ni da wani yanzu."

Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"To kai na ba ka. Gonata ce, ta ubana ce, na ba ka don Allah. Ka taka inda kake so."

Tsohon ya kifa goshinsa a bakin gadon, kafaɗunsa suna girgiza. Can ya ɗago.

"Sauran mutane fa, Inna?"

"Su jira wanda ya aiko ka."

Baffa ne ya tashi ya kama shi ya miƙar da shi, ya raka shi har gida, ta tsakiyar hanya. Da ya dawo ya zauna a ɗakin uwarsa har la'asar, ina jiyo su suna magana ƙasa-ƙasa, ban san me suka ce ba. Ba ta kai Juma'a ba.

Waɗanda suka aiko Malamin kuwa, Baturen da ke shugabantarsa a lokacin ya daɗe da komawa ƙasarsu, Hakimin wancan zamani da Dagacin duk suna makabarta ɗaya da ita. Babu sauran mai roƙo, babu sauran wadda za a roƙa. A duk ƙasar Katagum mutum ɗaya ne yake da izinin taka wannan hanya, shi ma ba ya gani, ba ya fita sai masallacin ƙofar gidansa. Ita da ta so ladan dubban ƙafafu, ta tafi da ladan tsoho ɗaya da sandarsa.

Ni dai na rasa mata, kuma a wannan shekarun ba mai ba ni wata irinta. Allah ya sanyaya makwancinta, ya yafe mata kurakuranta, ya haɗa ta da mahaifinta mai gatari. Ya Ubangiji, mu ba mu iya roƙonta ba, amma Kai muna roƙonka: ka rubuta mata ladan hanyar gaba ɗaya, daga ɗorawar har inda ta ƙare. Kai ka san mai gonar.